Idan Hannun Inna Ya Fara Rawa

 Yau zancen namu ba na kishi ba ne, ba kuma na girki ko kwalliya ba. So nake mu ɗan zauna mu yi magana a kan wata larura wadda da wuya ki sami zuri'ar da ba ta ratsa ba, amma ba a cika zama a tattauna ta ba, wato karkarwar hannu da sauran irin motsin da jiki ke yi ba da son mai shi ba.

Na san wata za ta ce, to ina ruwan matar aure da wannan, ai aikin likitoci ne. Kina da ruwa kuwa har da tsaki, domin ke ce mai fara gani. Maigida ya sa takalmi tun da sassafe sai bayan Isha'i, yara suna makaranta, ke ce kike miƙa wa tsohuwa kwanon koko, ke kike wanke zanin da miya ta zube a kai, ke kike jin cokali yana bugun bakin kwano. Likita kuwa in ya daɗe da mara lafiya minti goma ne ko sha biyar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akasarin cututtukan karkarwa ba a gane su da gwajin jini ko ɗaukar hoto. Da ido ake gane su, da kuma labarin da mutanen gida suka bayar. Don haka wadda ta zuba ido ta lura ta ɗauke wa likita rabin aiki.

A wajenmu dai sunan abin bai wuce biyu ko uku ba. In tsoho ne a ce tsufa, in yarinya ce a ce iska, in mai abin hannu ne a ce sammu aka yi masa. Alhali karkarwa iri-iri ce, kowace da sanadinta, kowace da maganinta, kuma maganin wata yana iya zama guba ga wata. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce, yaushe hannun yake rawa? Lokacin da yake ajiye a kan cinya ba ya komai, ko kuwa lokacin da aka miƙa shi zai yi aiki? Ki riƙe wannan tambayar da kyau.

Shekara tara na yi gida ɗaya da mahaifiyar maigidana, Allah Ya jiƙanta, Inna muke ce mata. Mace ce mai kazar-kazar, irin tsofaffin nan da ba su iya zama ba, ita ce dakan yaji, ita ce tsinkar zogale, ita ce wankan jarirai a layinmu. Tana da wajen shekara sittin da biyar abin ya fara, a hannun dama kaɗai. In ta idar da sallar Magariba ta zauna a kan darduma, sai ki ga babban yatsa da manuni suna murza juna kamar mai jan carbi, alhali ga carbin can a gefe. Da ta miƙa hannun za ta ɗauki buta sai rawar ta tsaya cak. In ta yi barci ma babu. Wannan tsayawar ita ta jawo mata magana, don akwai wata facalata da ta ce ai da gangan take yi, so take a kula ta, in ba haka ba don me hannun ba ya rawa in za ta karɓi kuɗi? Allah Sarki. Ashe wannan ɗin ita ce babbar alamar ciwon.

Amma ba karkarwar ce ta fi ba ta wahala ba, nauyin jiki ne. Ɗaurin ɗankwalin da take yi kafin ki ƙifta ido ya koma aikin minti biyar. Tashi daga tabarma sai ta yi yunƙuri uku. Tafiyarta ta koma gajerun taku, tana jan ƙafa, ta ɗan duƙa gaba, hannun dama manne da jiki ba ya lilo kamar na hagu. In ta zo dokin ƙofa sai ƙafafun su kafe kamar an liƙe su da danƙo, ta tsaya tana kallon ƙofar ta kasa wucewa. Muryarta ta yi ƙasa sai kin matso kusa. Fuska kuwa ta daina motsi, ba fara'a, ba yawan ƙifta ido. Dangi suka fara cewa Inna fushi take yi da mu, ko wani ya ɓata mata rai ne? Ni da nake wuni da ita na san ba haka ba ne, don sai in ba ta labarin ban dariya ta ce, "Wallahi kin ba ni dariya, 'yar nan," amma fuskar tana nan yadda take.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da matan unguwa suka fara janye yaransu daga gidanmu. Tsohuwa ce zaune tana kafe mutum da ido ba ƙiftawa, yatsu na murzawa, wani lokaci yawu ya ɗan zubo. Babu wanda ya furta kalmar a gabanmu, amma kowa ya san abin da ake nufi. Matar da ta yi wa rabin yaran layin wanka ranar da aka haife su! Har yau in na ji an ce wance a ƙauye kaza mayya ce, tsohuwa ce ba ta magana sai kallo, sai gabana ya faɗi, in ce ko wa ya taɓa duba hannunta?

An yi wajen shekara biyu ana fama a gida. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an shafa man wannan da na wancan, kuɗi sun tafi. Ni ban taɓa hana kowa addu'a ba, da ita muke tinƙaho, amma addu'a ba ta taɓa tare wa mutum hanyar asibiti ba. Daga ƙarshe dai aka samu takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ni na raka ta. Bai ɗebi jini ba, bai tura mu hoto ba. Cewa ya yi, "Mama, tashi ki taka min zuwa ƙofar can ki dawo." Ya sa ta haɗa babban yatsa da manuni tana buɗewa tana rufewa da sauri, sai ga na dama yana raguwa yana ƙanƙancewa har ya tsaya. Ya kama gwiwar hannunta ya lanƙwasa ya miƙe, ya ji ta a sandare. Sannan ya juyo gare ni da tambayoyin da suka ba ni mamaki. Tana jin ƙamshin abinci? Bayan gida fa, yana yi mata wuya? Tana ihu ko kai duka a cikin barci? Wallahi duk ukun akwai, kuma sun riga karkarwar da shekaru. Tun tuni Inna ta daina jin warin daddawa, miya ta kama a gabanta ba ta sani ba. Wa zai ce hanci da hannu suna da dangantaka?

Ya ce sunan ciwon cutar Fakinson. Sunan wani likita ne na birnin Landan, Jems Fakinson, wanda ya fara bayyana ta dalla-dalla a wani ɗan littafi a shekarar 1817. Mutum shida kacal ya ba da labarinsu, wasu ma a kan titi kawai ya gan su, ya lura da tafiyarsu da hannayensu. Kin ga tun asali da lura aka gano ta. Yadda abin yake kuwa, can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu samar da wani sinadari da ake kira dofamin. Shi ne kamar man da kike ɗiga wa keken ɗinki, in akwai shi komai na tafiya sumul, in ya yi ƙaranci sai keken ya riƙa cijewa. A wannan cuta ƙwayoyin ne suke mutuwa a hankali, kuma kafin alamu su fito fili kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

Ba a ɗaukar ta ta cin abinci tare ko shan ruwa a moɗa ɗaya, don haka babu dalilin ware wa tsohuwa kwano. Ta fi kama waɗanda suka haura sittin, kuma ta fi yawa a maza, ko da yake takan zo wa wanda bai kai hamsin ba. Yawanci ba gado ba ce kai tsaye, sai dai a 2023 wani babban bincike da likitocin Najeriya suka yi da takwarorinsu na Ingila da Amurka ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarinta a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. An kuma ga alaƙarta da daɗewa ana hulɗa da wasu magungunan feshin gona, wanda ya kamata matan manoma su sani, su da suke wanke kayan feshi da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan takwas da rabi ne ke ɗauke da ita a duniya. Cikin waɗanda ta kama har da Muhammad Ali ɗan dambe, wanda iyayenmu maza ba sa gajiya da labarinsa. An tabbatar masa da ita a 1984, a 1996 ya kunna wutar gasar Olamfik a birnin Atlanta duniya na kallon hannunsa yana rawa, bai rasu ba sai 2016. Shekara talatin da biyu ke nan yana tare da ita. Na faɗi wannan ne don kada wata ta ji sunan ciwon ta fara kukan mutuwa.

Babban maganinta shi ne lebodofa, wanda aka fara amfani da shi sosai a ƙarshen shekarun 1960. In ya shiga ƙwaƙwalwa sai ya rikiɗe ya zama dofamin ɗin da aka rasa. Ana haɗa shi da wani mai suna kabidofa a ƙwaya ɗaya don ya rage tashin zuciya, wasu sun fi sanin sa da Sinemet. Ba ya warkar da cutar, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa 'yan gida tun ranar farko, amma yana mayar wa mutum da jikinsa na shekaru masu yawa. Inna ba ta cika wata ɗaya tana sha ba ta ɗaura zaninta da kanta, ta fito tsakar gida ta karɓi tsintsiya. Ranar da ta yi dariya har haƙora suka bayyana, maigidana fita ya yi zaure don kada a ga idonsa.

To a nan ne fa aikin uwargida yake. Wannan magani ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha in an tuna. Da agogo ake shan sa, in likita ya ce sau uku to sau uku ne, a kan lokaci ɗaya kullum. Ni da lokutan salla na ɗaure shi don kada a manta. Kuma yana da abokan gaba a cikin kwano: nama, kifi, ƙwai, wake da nono. Ba wai an hana ta cin su ba ne, a'a, amma in suka haɗu da ƙwayar a ciki lokaci ɗaya sai su tare mata hanya. Na lura duk ranar da Inna ta kora maganin da fura da nono, ko ta sha shi a kan ƙosai, sai ta wuni jiki a daskare. Da aka mayar da shi rabin awa kafin abinci sai abin ya daidaita. In yana tayar mata da zuciya a farko, ɗan biskit ko yankin burodi ya isa.

Kada kuma a kuskura a yanke shi rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha in aka tsayar masa kwatsam, jiki na iya sandarewa da zazzaɓi mai zafi har abin ya kai ga halaka. Don haka tun saura na mako guda ki fara yi wa maigida tuni, don maganin yana da tsada kuma ba kowane kemis ake samu ba. In azumi ya gabato a je a yi shawara da likita tun a Sha'aban. Akwai kuma wata ƙwaya mai araha da akan miƙo in kuɗi sun gaza, ana ce mata benzekzol, ita ce dai wadda wasu samari suke sha don maye. Tana rage karkarwa, amma ga tsoho tana kawo ruɗewa, bushewar baki, riƙewar fitsari, har ya riƙa ganin mutanen da babu su a ɗaki. Daga nan sai a ce to ga shi nan, dama mun ce iska ce. Kada a ba tsohuwa ita sai da sanin likitan da ke duba ta.

Bayan wasu shekaru ƙarfin maganin yakan riƙa ƙarewa kafin lokacin na gaba ya yi, wani kuma jikinsa ya riƙa lanƙwashe-lanƙwashe kamar mai rausaya jim kaɗan bayan ya sha. Ba sabon ciwo ba ne, alama ce ta a koma a gyara awon. A ƙasashen da suka ci gaba har aiki ake yi a dasa wata 'yar waya a ƙwaƙwalwa mai aika lantarki kaɗan-kaɗan, wanda likitocin Faransa suka fara a 1987, amma wannan sai mai hali sosai.

Sauran kuwa dabarun cikin gida ne, kuma su suka fi yawa. Faɗuwa ita ce babbar abar tsoro, don tsohuwa in ta karye a ƙugu da wuya ta sake tashi. Na naɗe duk tabarmar da bakinta ya tashi, aka rage tudun dokin ƙofarta, aka sa mata kujera mai rami a banɗaki don tsugunno ya gagara, aka bar mata fitila da dare. In ƙafarta ta kafe, kada ki ja hannunta, jan ne yake kayar da su. Ki tsaya a gefenta ki ce, "Inna, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu," ko ki ja layi da gawayi a gabanta ki ce ta tsallake. Abin kamar wasa, amma sai ki ga ƙafar ta saki. Wajen cin abinci ta zauna a miƙe, ba a kishingiɗe ba, kuma kunu mai ɗan kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya in ta fara ƙwarewa. Don bayan gida kuwa, ruwa da yawa, gwanda, miyar kuɓewa da ganye.

Wani abin kuma sai kin danne zuciyarki. Tausayi zai sa ki karɓe mata komai, ki ɗaura mata, ki ba ta a baki, ki ce Inna zauna ki huta. Wannan hutun shi yake cinye su. Jikin mai wannan ciwo in aka bar shi sai ya ƙara daskarewa, motsi a gare shi magani ne kamar ƙwaya. Ki bar ta ta tsince shinkafa ko da za ta yi awa guda, ku zagaya tsakar gida tare safe da yamma, ki ja ta da hira don muryar ta riƙa fita. In baƙi suka zo kada a sakaya ta a ƙuryar ɗaki don kunya. Ciwon da kansa yana kawo baƙin ciki da mutuwar zuciya, ballantana a haɗa mata da kaɗaici. Kuma hankalinta yana nan, jinkirin amsa ba rashin fahimta ba ne, don haka a daina zancenta a gabanta kamar ba ta wurin.

Yanzu koma kan tambayar nan da na ce ki riƙe. Ina da kawu, tela ne, nasa hannun akasin na Inna ne. In yana zaune hannu a cinya lafiya lau, amma ya ɗauki zare zai zura a allura, ko ya kai kofin shayi baki, sai rawa ta tashi, kuma hannu biyun ne. Kansa ma yakan ɗan girgiza kamar mai cewa a'a. Tafiyarsa garau, fuskarsa garau. Da ya ga halin Inna sai tsoro ya kama shi, ya ce shi ma tasa ta zo. Ashe ba ita ba ce. Wannan ita ce karkarwar da ake gada, mahaifinsa ma haka ya yi, kuma ta fi cutar Fakinson yawa nesa ba kusa ba. Tana iya farawa tun ana samari. Ba ta daskarar da jiki, sai dai ta kunyata mutum a gaban jama'a ta kuma taɓa masa sana'a. Goro, kofi, shayi mai kauri, rashin barci da ɓacin rai duk suna ƙara ta. Lebodofa ba ya yi mata komai. Nata maganin daban ne, wanda aka fi bayarwa shi ne Inderal, amma mai asma ba ya shan sa don yana iya toshe masa numfashi, shi ya sa ba a aron maganin maƙwabci. Kawu dai ya rage goro, yana zuba shayi rabin kofi ya riƙe da hannu biyu, zura allura kuma ya bar wa yaran shago.

Ku kuma matasan mata, akwai taku. In kika ga hannunki na 'yar ƙyarma siririya, kina ci kamar gara amma kina ramewa, kina gumi ana tsakiyar hunturu, gabanki na faɗuwa ba dalili, barci ya ƙaurace, abu kaɗan ki hau faɗa, to a duba maƙogwaronki. Akwai wata halitta a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima haka take yi, wata har idanunta su firfito. Ta fi kama mata, kuma takan taso bayan haihuwa. Sau nawa aka ce wa irin wannan baiwar Allah kishi ne ke cin ta don an yi mata amarya? Wannan kam gwajin jini yana nuna ta, kuma tana jin magani. Ki miƙe hannuwanki gaba a ɗora miki takarda a kai, za ki ga takardar na rawa. Mai shaƙa Ventolin don asma ita ma hannunta yakan yi haka na ɗan lokaci, ba abin tsoro ba ne.

Wanda ya fi firgita gida shi ne wanda na gani a kan wata amarya maƙwabciyarmu. Tana laulayin cikin fari, amai ya dame ta, aka yi mata allurar tsayar da amai a wani kemis. Kafin yamma wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya fito, haƙora suka cije. Gida ya ruɗe da salati, an kawo garwashi ana shirin turare, an aika a kira mai ruƙiyya. Amma in kin yi mata magana tana ji, tana hawaye, tana matse miki hannu. Mai farfaɗiya in ta faɗi ba ta sanin inda take, wannan kuwa da hankalinta. Wata ma'aikaciyar jinya a layin ita ta ce a ɗauko kwalbar allurar a tafi asibiti. Allura ɗaya aka yi mata, kafin rabin awa wuyan ya saki. Wasu magungunan amai, irin su metokulofiramaid, da wasu na taɓin hankali, suna toshe dofamin ɗin nan da muka yi zance, kuma yara da matasan mata su suka fi faɗawa. Ga tsofaffi kuma in an daɗe ana sha sukan kawo alamu sak na cutar Fakinson, ko baki ya riƙa motsi kamar mai tauna. Wadda abin ya taɓa samu ta riƙe sunan maganin, ta riƙa faɗa duk inda za a yi mata allura.

Sai 'ya'yanmu. Yarinya 'yar shekara biyar zuwa sha biyar ta fara mutsu-mutsu, ba ta iya zama wuri ɗaya, kafaɗa na zabura, fuska na yamutsewa, kwano na suɓuce mata, rubutunta ya lalace. Uwa ta kai mata ranƙwashi, malami ya sa bulala, wai rashin natsuwa. Ki tuna baya, ko ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi makonni ko watanni da suka wuce? Akwai ƙwayar cutar da in ba a kashe ta da magani ba, garkuwar jiki kan juyo ta taɓa ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi da zuciya. Motsin yakan wuce da kansa bayan watanni, ba shi ne abin tsoro ba, zuciyar ce. Dole a auna ta, kuma akan ɗora yarinya a kan allurar fenisilin wata-wata na tsawon shekaru don kada abin ya dawo ya lalata mata ƙofofin zuciya, ta zo ta sha wuya ranar da ta ɗauki ciki. Ciwon maƙogwaron yaro da zazzaɓi na asibiti ne, ba na askar wanzami ba.

Duk waɗannan da na lissafa, ban da na amaryar nan, a hankali suke zuwa, ana iya jiran ranar ganin likita. Amma in abu ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, ɓari guda ya saki, magana ta sarƙe, wannan shanyewar jiki ce, a nemi mota a take. Mai ciwon suga kuma da ke shan magani ko allura, in ya kama karkarwa da gumi da jiri, a ba shi ruwan sukari nan da nan muddin yana iya haɗiya, sannan a tafi.

Ranar da za ku asibiti, ki tattara duk abin da mara lafiya ke sha a leda ɗaya, na kemis da na gargajiya, har da wanda kike ganin ba shi da muhimmanci. Tun da yanzu kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto, ki ɗauki hannun a bidiyo yana ajiye, ki ɗauka yana riƙe da kofi, ki ɗauki tafiyar daga baya, don wani lokacin abin da ya wuni yana yi a gida sai ya lafa a gaban likita. Ki tuna wane hannu ya fara, da wane wata, da ko akwai mai irinsa a dangi. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su da yawa a ƙasar nan, akasari sai a asibitocin koyarwa, kuma suna da ranar da suke zama a mako. Ki sa maigida ya karɓo takardar turawa daga ƙaramin asibiti, ya tambayo ranar tukuna, don kada a ɗauko tsohuwa tun asuba a wahalar da ita a kan benci a dawo ba a ga kowa ba.